Ranar da Na Je Ɗauko Ƙasusuwan Fotini

Ni na haifi Fotini. Da wannan zan fara, don a Irakliya har yau akwai waɗanda in ka tambaye su 'yar wace ce, za su ce maka 'yar Argiro.

Argiro yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta yi aure a wannan ɗan tsibiri, ni kuma a tsibirin Naksos. Lokacin da ni da mijina muka tafi Jamus aikin kamfani, Fotini ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ba mu da inda za mu ajiye yarinya a can, Argiro kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, sai na kai mata riƙo. Kafin mu dawo yarinya ta isa shiga sakandare. Argiro take kira Mama. Ni kuwa Maman Jamus. Da ta girma ta zama malamar makaranta ta daina faɗin haka a gabana, amma in muna zaune mu biyu ta ce Mama, Argiro ke fara waiwayawa, kuma yawanci ita ɗin ake nufi.

Ciwo ya kama ta tana da shekara talatin da 'yan kai. A asibiti a Atina ina riƙe da hannunta, ni ke riƙe da shi, ta juya ta dubi Argiro ta ce, "Mama, ki kai ni gida." Gidanmu na Naksos yana nan, da ɗakinta, da ƙasusuwan ubanta a bayan cocinmu. Amma duk wanda ke wurin ya san gidan da take nufi. Ban yi musu da mai mutuwa ba. Sai dai a bakin kabari na gaya wa Argiro a gaban fada, limamin cocin: shekara ukun da ƙasa za ta riƙe ta, na bar miki. Ranar da aka tono ta aka wanke ƙasusuwan, tawa ce. Zan kai ta ɗakin ƙasusuwa na cocinmu in ajiye akwatinta kusa da na ubanta. Argiro ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kuka kawai take yi. Tun muna yara ta fi ni iya kuka.

Da shekarun suka cika, aka sa rana a ƙarshen zafi. Na zaɓi ƙaramin jirgin nan da ke kwasar baƙi masu yawon shaƙatawa. Yana tashi da safe, ya sauke wasu a Irakliya, ya wuce Kufonisi, ya dawo da la'asar ya kwashe kowa. Shi nake so, don na rantse ba zan kwana a gidan Argiro ba. Gidan da ko'ina ka duba hoton 'yata ne, a shekarun da ban gani ba.

Lefteri, mai yaga tikiti da jefa igiya, ya san ni tun yana rarrafe. Ya hango ni a layi cikin mutane masu gajerun wanduna ya ɗaga murya.

"Inna Marusa! Ke ma iyo za ki? Ina kayan wankan?"

"Uwarka ta ara, ba ta maido ba."

Ya fashe da dariya, ya miƙo hannu zai karɓi kayana. Sai ya ga akwatin ƙarfen da na tanadar wa ƙasusuwan, ya karanta sunan da aka rubuta a jiki da farin fenti. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu.

"Yau ne?"

"Yau ne."

"Da ita za ki dawo?"

"Da wa kake so in dawo?"

Ya kai ni benci na can baya inda ruwa ba ya fantsama, ya kori wani saurayi da ya miƙe ƙafafu a kai.

A gabana wata mata ce baƙuwa da 'yarta. 'Yar ta kai shekarun Fotini. Uwar tana shafa mata mai a baya don rana, 'yar tana ta ture hannun tana mita da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san abin da take cewa. Ya isa, Mama, ni ba yarinya ba ce. Uwar ta kai mata ɗan duka a kafaɗa ta ci gaba da shafawa. Na kalle su har idona ya yi zafi. Da matar ta lura ta yi mini murmushi, ta miƙo mini biskit. Ban karɓa ba. Ba ta yi mini komai ba, baiwar Allah, amma a lokacin da za a ce in zaɓi wanda zai faɗa ruwa cikin jirgin nan, da ita zan nuna.

Nikita, mijin Argiro, yana jirana a gaɓa da tsohuwar motarsa ta kaya. Tun da na dawo ƙasar nan suna ɗaya yake kirana da shi.

"Bajamushiya ta iso. Sannu da hanya. Kin rame."

"Kai kuma ka ƙara tumbi. Yayata na ba ka abinci, ko na awaki kake sacewa?"

"Duka biyun." Ya karɓi akwatin ya juya shi. "Na ƙarfe kika sayo. Ni ma na yi mata ɗaya, na itacen zaitun. Tun bara."

"Ka ajiye wa kanka."

"Ba zan shiga ba, kin ce na ƙara tumbi."

Ya yi ƙoƙari ya ba ni dariya, sannan ya ta da mota. Akwatin itacen zaitun, tun bara. Ke nan sun riga sun shirya inda za su ajiye ta. Na ɗora nawa a cinya na riƙe da hannu biyu har muka hau tudu.

Maƙabartar ƙarama ce, a bayan coci, tana kallon teku. Kabarin Fotini ya fi kowanne tsabta. An shafe gefensa da farar ƙasa, ga tukwanen ɗoɗɗoya a jere, ga fitilar man zaitun tana ci da rana tsaka. Ni a Naksos hoto nake kunna wa fitila. Ita kuwa kullum safiya tana zuwa nan ta zauna ta yi mata hira, haka matan garin suka gaya mini, kamar labari mai daɗi suke ba ni. Duk sun zo, cikin baƙaƙen kaya. Kowace sai ta fara rungume Argiro, sannan ta juyo ta ba ni hannu ta ce, "Sannu, Marusa, ya hanya?" kamar wadda ta zo rakiya.

Argiro ta sumbace ni a kunci biyu. Ta tsufa ƙwarai.

"Kin karya kumallo?"

"Na ci, Yaya."

"Ƙarya kike. Leɓenki fari fat."

Fada Stamati ya yi addu'a, ya kaɗa turare. Nikita da wani maƙwabcinsa suka ɗaga dutsen kabarin suka shiga haƙa. Da suka kai ga katakon akwatin gawa suka ajiye shebur suka koma da hannu. Can Nikita ya sunkuya, ya daɗe, ya miƙe da ƙoƙon kanta a hannunsa, yana share ƙasar da babban yatsa. Ya fito da kyau, launin zuma, kamar yadda ake so. Matan suka yi ajiyar zuciya, wata ta ce, "Ƙasa ta karɓe ta, 'yar kirki."

Na buɗe farin ƙyallen da na yi wa ado da hannuna tun hunturu. Na ɗago kai sai na ga Argiro ma ta buɗe nata. Muna tsaye a bakin rami, kafaɗa da kafaɗa, kowace da ƙyalle a hannu. Nikita ya dube ni, ya dubi matarsa, ya dubi fada.

Fada ya yi gyaran murya ya ce, "Uwa ke karɓa, kamar yadda aka saba."

Nikita ya ce, "Na sani, Fada."

Bai motsa ba. Da zai iya komawa cikin ramin ya ja dutsen ya rufe, da ya yi.

Argiro ce ta naɗe ƙyallenta a hankali, ta ja da baya. Nikita ya ɗora mini kan 'yata a hannu. Ba nauyi, ko na burodi ɗaya bai kai ba. Na sumbaci goshin. Amma a bayana ina jin matan suna cewa, "Allah sarki Argiro. Kun ga zuciya." Wata har da shafa mata baya. Ni na karɓa, ita aka yaba. Haka take tun fil azal. Ko ta bar maka abu, sai ta tafi da rabinsa.

Muka zauna ƙarƙashin itacen da ke jikin katanga da manyan kwanuka biyu, ɗaya ruwa, ɗaya giyar inabi. Na zo da tawa kwalbar daga kanti, amma an riga an zuba ta gonarsu Nikita, sai na mayar da tawa jaka. Nikita yana miƙo ƙasusuwan, muna wankewa da ruwa, mu sake da giya, mu jera a kan farin zanen gado da aka shimfiɗa don su bushe. Ina cikin wanke ƙashin hannun hagu sai yatsana ya ci karo da wani ƙulli a tsakiyarsa, kamar inda reshe ya karye ya haɗe.

"Wannan fa?"

Argiro ta leƙo. "Ai na ɓaure ne."

"Wane ɓaure?"

"Wanda ke bayan gida. Ta hau cin 'ya'ya ta faɗo, tana aji biyu. Tsohuwa Kalitsa ta ɗora mata, Allah ya ji ƙanta."

Wata daga cikin matan ta ce, "Har da hannun a ɗaure ta sake hawa! Kin tuna, Argiro?" Suka yi 'yar dariya suna share ido. Duk sun tuna. Garin nan kaf ya san 'yata ta karye.

"Ba wanda ya gaya mini."

"Kina can nesa, Marusa. Me za ki yi? Ki yi ta kuka a kan injin mutane?"

"Da na yi. Kukana ne. Ke kika cinye mini shi."

Ta karɓi ƙashin daga hannuna ta ce ban fitar da ƙasar da ke gindinsa ba, ta sake wankewa.

Daga nan na fara lura da yadda take aiki. Kowane ƙashi sai ta juya shi ta sake juyawa. Wanda na wanke na ajiye, sai ta ɗauko ta mayar cikin giya. Da muka zo kan 'yan ƙananan na yatsu ta jera su ta ce ɗaya babu, ta sa Nikita ya koma rami da rariya ya tankaɗe ƙasar. Ya daɗe kafin ya samo shi. Rana ta wuce tsaka. Iskar kudu ta taso, mai ɗumi da laima, wadda ko wanki ba ya bushewa a cikinta. Gajimare ya rufe rabin sama.

Aka raba dafaffiyar alkama da sukari da rumman, kowa ya ci ya ce Allah ya gafarta mata. Mutane suka gangara gidan Argiro cin abinci. Na ce ba ni zuwa, ba zan bar ta ita kaɗai a fili ba. Argiro ta ce ita ma haka. Muka rage mu biyu, zanen a tsakaninmu, muna korar ƙuda.

Na ce, "Da gangan kike yi."

"Me?"

"Kin san jirgi na dawowa da la'asar. Kina ta jiƙa su."

"Ni na kira iskar kudu? Ki ji mini mace."

"Da kina da lambarta da kin kira."

"Kunya dai ba ki da ita, Marusa. A gaban yarinya."

"Yarinyata."

"Wa ya ce ba taki ba ce? Na taɓa cewa ba taki ba ce?"

"Ba sai kin faɗa ba. Akwatin zaitun fa? Na wa ye, na kyanwa?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanen. "Nikita ne. Ba ya iya zama haka nan. In bai sassaƙa wani abu ba sai ya yi ta zagaye gida kamar jaki a masussuka." Sannan ta ce, "Ita ta ce a kawo ta nan. Kina wurin."

"Ina wurin. Ba ta ce har abada ba."

"Ba ta ce shekara uku ba."

Na ji kamar in kwashe zanen da duk abin da ke kai in ruga gaɓa. Na ce, "Kin samu haƙoranta na fari, kin samu ranar da ta fara karatu, kin samu karayarta, kin samu maganarta ta ƙarshe. Kin samu kabari. Ni me na samu? Kati a Kirsimeti da zanen jirgi. Wannan kaɗai ya rage, Yaya, ƙashi ne, ko magana ba ya yi. Shi ma sai kin haɗa?"

Ta fara kuka. Na ce mata ta daina, ba kowa a nan da zai shafa mata baya.

Muna nan har muka ji ƙahon jirgi daga bayan tsauni. Lefteri yakan sa a busa tun daga nesa don masu iyo su tattara kayansu. Na taɓa ƙashin cinya. Da sanyi, da danshi. Na taɓa kan, cikinsa a jiƙe. Na jawo akwatin ƙarfen na buɗe, na shimfiɗa ƙyallena a ciki, na ɗauki na farko.

Argiro ta cafke wuyan hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"A jiƙe? A cikin ƙarfe? Ki rufe ta a jiƙe ta yi baƙi, ta yi funfuna kamar tsohon cuku? Kin manta yadda ƙasusuwan Kawu suka koma?"

Ban manta ba. Na san gaskiyarta, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Ki kwana, gobe su bushe."

"Ba na kwana."

"To ki tafi, Nikita ya kawo miki ita ran Asabar."

"Yadda kika kawo mini ita da muka dawo daga Jamus? Ran Asabar, ran Asabar, har aka buɗe makaranta?"

Ƙaho ya sake tashi, kusa. Argiro ta sake ni. Ta miƙe tana dafa katanga, ta fita daga maƙabartar. Na zauna da ƙashi a hannu, na kasa sa shi a akwati, na kasa mayar da shi. Ina jin muryoyin baƙi a ƙasa suna gangarawa.

Sai ga ta ta dawo, Nikita na binta, tana ɗauke da babban kwandon da take kai burodi gidan gashi, mai faɗi, mara zurfi. Ta shimfiɗa nata ƙyallen a ciki. Ta jera ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, manya a ƙasa, da tazara yadda iska za ta ratsa. Ta naɗe kan a cikin nawa ƙyallen ta sa shi a tsakiya. Ta rufe duka da yadin tatar cuku, sabo, mai shara-shara.

"Ga ta nan. A buɗe za ta tafi, iskar teku ta busar da ita. Gobe ki shanya ta a inuwa, ba a rana ba. Sai jibi akwati."

Na miƙa hannu. Ba ta saki ba.

"Ni zan riƙe. Ke garaje gare ki, za ki kifar da ita a matakala."

"Riƙe zuwa ina?"

"Zuwa inda za ki kai ta. Sai na ga wurin da idona."

Nikita ya ce, "Argiro, da silifas ɗin gida? Awaki fa?"

"Ka tatse su. Ba ka da hannu?"

Haka muka sauka gaɓa a bayan motar Nikita, ita da kwando, ni da akwati ba komai ciki. Lefteri ya dubi kwandon, ya dube mu, ya gicciye ƙirjinsa. Ya buɗe mana hanya cikin baƙi yana cewa su matsa. Wani ya leƙo yana murmushi, yana tsammanin abin ci ne, Lefteri ya juya shi da kafaɗa. Muka zauna a bencin baya, kwandon a cinyar Argiro, ni hannuna ɗaya a kan bakinsa. Nikita ya tsaya a gaɓa da ƙasar kabari har gwiwa, bai ɗaga hannu ba.

Yayata ta yi shekara arba'in a tsibiri amma ba ta jure teku. Muna fita daga lungun gaɓar iskar kudu ta fara ɗaga jirgin tana saukewa. Fuskarta ta canza. Ta daure, ta cije leɓe, ta rufe ido. Ina kallonta ina jira. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Da igiyar ruwa ta uku ko ta huɗu ta buge mu ta turo mini kwandon da sauri.

"Riƙe ta."

Ta rarrafa ta kama ƙarfen gefe ta sunkuya.

Na ɗora Fotini a cinyata, na zagaye kwandon da hannu biyu. Ƙamshin giya da ƙasa yana tasowa ta cikin yadin. Irakliya tana ƙanƙancewa a baya. Ba wanda ya taya ni riƙewa, ba wanda ya ce ban iya ba. Lefteri ya kai wa Argiro ruwa da ɓarin lemun tsami.

"Inna Argiro, ki kalli nesa, kar ki kalli ruwa."

"Rufe mini baki, ɗan banza. Mutuwa zan yi."

"Ba a jirgina ba, don Allah. Mamaci ɗaya aka ce in kai."

Ta zage shi, ta zagi kyaftin, ta sake sunkuyawa. Can ta ɗago, gashinta ya manne a goshi, ta waiwayo tana haki.

"Marusa. Ruwa na fantsamo mata ta hagu. Juya ta."

"Na gani."

"Ki juya ta mana."

"Na ce na gani, Yaya. Ki ji da cikinki."

Na jira sai da ta mayar da kai gefen jirgi, sannan na juya kwandon.